Tattakin Kaka a Karkarar Daura

Daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ne lokacin da ya fi dacewa da tattakin rukuni a ƙasar Daura: ruwa ya ɗauke, fadamu na da sauran kore, hazon hunturu bai yi kauri ba.

A tashi bayan sallar asuba, a gama kafin ƙarfe 11. Rukuni na cin kamar kilomita 4 a awa, amma a rairayi sai 3, don haka kilomita 10 sun isa yini. Kada mutane su wuce 12, jagora ɗan yankin a gaba, mutum ɗaya a baya yana tsare masu nawa. Kowa ya riƙe ruwa lita 2 da ƙunshin gishiri da sukari.

Takalmi ne ke kayar da mutane. Sabo yana tayar da bororo, silifa kuwa gayyatar ƙaya ce. A sa rufaffe wanda ƙafa ta saba da shi, da dogon wando mai santsi, domin ƙarangiya ta bushe a wannan lokaci. Kaka kuma lokacin macizai ne, musamman kububuwa, kada a cusa hannu cikin tarin kara. Idan an yi sara, ban da tsaga, ban da ɗauri, a nufi asibiti.

A bakin madatsar Daberam a tsaya a tudu, shiga ruwan kwance na jawo tsargiya. A sanar da mai unguwa kafin a ratsa gonaki. Dajin Rugu da ke can yammacin jihar Katsina kam a bar shi, saboda matsalar tsaro.