Kafin ka zuba kuɗinka a teku, zauna da tsofaffin masunta

Ƙannena na Nima da Sabon Zango a Accra, naga yanzu da yawanku kuna son haɗa jari da masuntan Chorkor da Jamestown, kai ka kawo kuɗin inji da mai su su kawo jirgi da ƙarfi. Sana'a ce mai kyau, amma ni na shigeta da girman kai kuma na sha wuya.

Mu 'yan zango ba mu gaji teku ba, kakanninmu fatake ne, goro da shanu suka sani. To da na shiga sai nake ganin duk wata doka ta 'yan Ga, ƙabilar masuntan nan, camfi ce kawai. An ce ba a fita su ran Talata, nace asarar yini guda kenan duk sati, ni da na ci bashi na sayi inji. Dattijon da ke riƙe da jirginmu yace kar a sa raga mai ƙananan ido, nace baba zamani ya canza, na sayo ta, na ƙara da janareta da fitilu na kamun dare wanda dokar kamun kifi ta 2010 ma ta hana. Da farko kwanduna sun cika wlh, amma me ke ciki? 'Yan mitsi-mitsin kifi da ba su kai ga yin ƙwai ba, matan da ke banda su ɗaga su yatsina fuska su taya a wulaƙance, suna cewa kifin fitila baya jimiri a wuta, marmashewa yake. Ƙarshe dai shugaban masuntan bakin ruwan, woleiatse, ya kira mu gaban jama'a, ragar ta tafi, kuɗina ya bi ta.

Ba cewa nayi ka yarda da abun bautarsu ba, kai musulmi ne, wannan tsakaninsu ne. Lissafin da ke ƙarƙashin dokar zaka duba. Yini ɗaya duk sati ruwa ya huta, a ɗinke raga, a duba inji, a sasanta rigima. Tsoho ya tsoma hannu a ruwa wajen watan Yuli yaji sanyi ya san ruwan ƙasa ya taso da abincin kifi, kifin heri (herring) zai shigo har zuwa Satumba, kuma a wannan lokacin ne cikinsa ke cike da ƙwai. Daren da babu farin wata ya hango ƙyalli a saman ruwa ya gane garken kifi ne, ba fitila ba janareta, wani lokacin ma tsuntsaye kawai yake bi da ido.

Gwamnatin Ghana sai a 2019 ta fara rufe teku wata guda ga ƙananan jirage. Matan Tsokomey masu tsintar kawa a bakin kogin Densu su da kansu suke rufe nasu wajen na watanni, kuma in an buɗe kawar ta fi girma. Tabbas manyan jiragen saiko, wato masu sayar wa ƙananan jirage kifi a tsakiyar teku ba bisa doka ba, sun fi mu ɓarna nesa ba kusa ba, amma ragar da na saya ba su suka saya min ba.

In zaka sa jari, tambayi girman idon ragar tukun, ka tambaya ko suna fita da fitila, in suka fara kame-kame riƙe kuɗinka. Kuma ka je ran Talata da hantsi, lokacin tsofaffin na zaune gindin jirage suna ɗinki, ka riƙe goro, ka gaishe su yadda ya kamata ka zauna.