Ƙofofin Fijo 504: inda aiki ya kai a mako na uku

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau mako uku ke nan ina kan ƙofofin Fijo 504 ɗin da na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN da ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ta shekara tara a ajiye ƙarƙashin dalbejiya a gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe. Na gama ƙofofin gaba biyu, na baya suna jingine a zaure.

Ranar da na cire kwalin ƙofar direba, ledar da ke bayansa ta bushe har tana karyewa a hannu. Na zura hannu can ƙasa, na ɗebo busasshiyar laka cike da tafi, haɗe da ruɓaɓɓen ganye da wani tsohon sule. A da na ɗauka ruwa ba ya shiga cikin ƙofa. Ashe yana shiga ko motar sabuwa ce dal: yana bin gilas ya wuce roba, ya gangara, ya fita ta ƙananan ramukan da aka huda a gindin ƙofar. Mu nan Gombe ƙurar hunturu ce ke toshe ramukan nan. Damina na sauka ƙurar ta zama laka, lakar ta riƙe danshi daidai inda aka naɗe ƙarfen waje a kan na ciki. Daga nan tsatsa ke tashi. Kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje a waje, ta daɗe da cin cikin.

Na kankare da burushin waya da samfefa har na ga farin ƙarfe. A kusurwa ɗaya sai ga huji, babban yatsa na shiga. Na so in cike shi da foti, ƙullun nan da masu fenti ke cike lotsawar mota da shi, in huta, amma dattijon da ke min walda ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, foti ba ƙarfe ba ne. Yanke za mu yi." Na ce, "To Baba, yadda ka gani." Ya yanke wurin, ya ɗora sabon falle, ya bi shi da walda ɗigo-ɗigo don kada zafi ya lanƙwasa jikin ƙofar.

Inda burushi bai kai ba na shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da jar tsatsa baƙa, ta yi tauri. Don Allah a sa safar hannu da tabarau, kuma kada wani ya ce zai maye gurbinsa da ruwan batir. Da ya bushe na bi da jan fentin da ake fara shafawa kafin na sama, shafi biyu.

Sai maganar ƙara. Ƙwanƙwasa tsakiyar ƙofar da yatsa ka ji: kamar garwa. Abin da ke kashe wannan amon shi ne shimfiɗar roba mai nauyi da ake kira butil, mai bangon alminiyam. Ba sai ka rufe ƙofar duka ba, kwata zuwa sulusin fili ya wadatar in ka liƙa a tsakiya, inda ƙarfen ya fi rawa. Akwai mai araha ta kwalta, ni dai na ƙi ta. Zafin Maris da Afrilu a garin nan kan wuce digiri 40, ƙarfen motar da ke rana kuwa ya fi haka nesa. Kwalta za ta yi laushi, ta zame, ta cika motar da wari. Soson katifa ma da wasu ke cusawa, ruwa yake sha ya riƙe, ka koma gidan jiya.

A ƙofar fasinja na yi kuskuren da ya ci min kwana biyu. Na fara fesa kakin hana tsatsa, sannan na zo liƙa butil. Washegari na tarar da shi ya sulale ya kwanta a gindin ƙofa, a kan ramukan ruwan ma. Dole na wanke wurin da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, sau uku. Butil ke fara shiga, a kan busasshen fenti mai tsabta, a danne shi sosai kada iska ta maƙale a ƙarƙashi. Kaki ya biyo baya, a bakin naɗin ƙasa da kusurwoyi. Wasu sun ba ni shawarar in zuba baƙin mai kawai. Yana taɓukawa, amma yana kama ƙura yana kuma lalata roba.

Bayan kakin na sake bin kowane rami da waya, na zuba ruwa buta guda ta bakin gilas, na durƙusa ina kallo har ya fito ta ƙasa. Na shafa giris a haƙoran abin ɗaga gilas, na yanka sabuwar leda mai kauri na liƙa, na mayar da kwali. Da na tura ƙofar ta rufu da wani "dif" mai nauyi, irin wanda nake ji ina yaro in mahaifina ya dawo daga aiki.

Asabar mai zuwa in Allah Ya yarda zan buɗe ta baya ta hagu, wadda gindinta ya fi ruɓewa. Har yanzu ina cigiyar robar bakin gilas mai kyau, ina so in same ta kafin ruwan farko.