Na ce don lafiya nake yi

Wata 8 da haihuwar ɗana na biyu muka je bikin wata ƙanwata, aka ɗauke mu hoto cikin anko. Muna tsaye wata 'yar uwa ta dubi cikina ta ce, "Yaya, ko dai wani ne kuma a hanya?" Aka bushe da dariya, har da ni. Daren nan ban runtsa ba, sai buɗe hoton nake ina ƙura wa tumbina ido.

Ban taɓa ce wa kowa ina so in rame ba, ko kaina ban gaya wa ba. Cewa na yi zan gyara cimata saboda lafiya. Sukari na fara bari, sai farar shinkafa, burodi, man gyaɗa da dunƙulen Maggi. Nama ya bi baya bayan wani bidiyo da na gani a Instagram. Kafin shekara ta zagayo abincina ya koma faten acha, dafaffen zogale, kokwamba da ruwan ɗumi da lemon tsami. In na kuskura na ci masa ɗaya, washegari da yunwa zan wuni, kamar mai biyan kaffara.

Abin da ya sa na daɗe a haka shi ne yabo. Matar da ta ce ta tsani jikinta faɗa za a yi mata, amma wadda ta ce tana kula da lafiyarta sai a ce ta waye. Har ƙawaye ke neman shawarata, ni kuwa a zuci ina raina duk wadda na ga tana cin soyayyen abu. Wannan girman kan ya fi komai ba ni kunya yanzu.

Ranar ƙaramar Sallah a gidan surukaina aka zubo tuwo da miyar taushe, ni kuma na zaro ɗan kwanona daga jaka. Hajiya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "'Yar nan, guba muke dafawa a gidan nan?" Na sunkuyar da kai, amma ban ci ba.

Gashina ya fara karyewa, jiri ya zama abokin tashi, ina jin sanyi ana tsakiyar zafin Afrilu. Da al'adata ta ɗauke wata 3 na tafi asibiti da zaton ciki ne. Babu ciki, ƙarancin jini aka samu. Likitar ta sa na lissafo mata abin da nake ci, ban cika yatsun hannu biyu ba. Ita ta faɗa mini sunan abin, otoreksiya, wato tsananin tsantseni kan tsarkin abinci har ya zama cuta. Wani likitan Amurka, Steven Bratman, ya raɗa sunan a 1997, bayan shi kansa ya yi fama da shi. Ta ce mai anoreksiya, wato cutar ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, yawan abinci take tsoro, mai otoreksiya kuwa irin abincin, amma sau da yawa a wajen mata abubuwan biyu suna cakuɗewa.

Na yi ta gardama cewa ni lafiya nake nema. Sai ta ce, "Hajiya, da zan ba ki abincin da zai ƙara miki lafiya amma ya ƙara miki kilo 5, za ki ci?" Na buɗe baki, amsa ta ƙi fita.

Aka ɗora ni kan maganin ƙarin jini, aka haɗa ni da masaniyar abinci da mai ba da shawara kan damuwa. Kowane mako abinci ɗaya nake dawowa da shi. Ƙwai na fara ci, ina ci ina kuka. Sikelin da nake hawa kowace safiya maigidana ya kyautar da shi. Madubi ne dai ya fi wuya, har yau ba mu gama shiryawa ba.

Juma'ar da ta wuce Hajiya ta yi masa da miya, na zauna kusa da ita a tabarma muka ci. Guda 4 na ci. Na sani, domin har yanzu ina ƙirgawa.