Lokacin Tashi Ga Mai Aiki Daga Gida

Tun da annobar korona ta mayar da mutane da yawa aiki daga gida a 2020, na lura cewa babu abin da ya fi wuya kamar sanin lokacin tashi daga aiki. Tafiyar komawa gida ce take raba ma'aikacin ofis da aikinsa, amma wanda teburinsa yake kusa da gadonsa ba shi da wannan shinge, don haka saƙon shugabansa yakan iske shi da ƙarfe goma na dare, kunya kuma ta sa ya amsa.

Faransa ta hango matsalar da wuri, domin a 2017 ta fara aiki da dokar da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe na'urori bayan an tashi.

Ni dai da ƙarfe biyar nake rufe kwamfuta in saka ta a durowa, na kuma cire imel ɗin ofis daga wayata. Iyalina sun san cewa idan ƙofata tana rufe, sai da ƙwaƙƙwaran dalili ake ƙwanƙwasawa, ko da yake ƙananan yara ba kullum suke mutunta wannan yarjejeniya ba.