Lakar da ke cikin ƙashin baya da ɗaukar wanda ya yi haɗari

Mu mazauna Kaduna mun saba ganin haɗarin babur, kuma abin da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne: jama'a su taru, su ciccibi wanda ya faɗi, su naɗe shi cikin keke napep. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina wannan gaggawa tana iya jawo ɓarnar da haɗarin kansa bai yi ba.

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa 33 ne, 7 daga ciki a wuya, kuma laka tana bi ta tsakiyarsu daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi 31 suna fita daga kowane gefenta zuwa sassan jiki. Ta nan umarnin motsi yake sauka, ta nan kuma labarin zafi ko taɓawa yake hawa. Idan ƙashi ya karye alhali lakar ba ta taɓu ba, lanƙwasa mutum wajen ɗauka yana iya sa karyayyen ƙashin ya danne ta, ita kuwa ba ta warkewa kamar fata. Rauni a ƙasan baya yakan shanye ƙafafu, na wuya kuwa yakan haɗa da hannaye, wani lokaci har da numfashi.

Saboda haka wanda ya koka da ciwon wuya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, a bar shi kwance, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira jami'an kiyaye haɗurra ta lamba 122. Idan ɗaukarsa ta zama dole, a sa shi a kan katako mai faɗi.