Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Turaku Huɗu da Doguwar Waya

Makon jiya na tsaya a inda na shiga ayarin masu awon ƙasa, waɗanda ke riga motar haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, isa gari. Yau zan ajiye kaina gefe in yi maganar aikin, don shekarun nan na rayuwata babu abin da ke cikinsu sai shi. Har gobe mutane na kiran kayanmu injin ganin ruwa, alhali ba ya ganin ko ɗigo. Abin da yake aunawa shi ne tirjiyar ƙasa, wato yadda take ƙin barin wutar lantarki ta ratsa ta. Sauran aikin na kan mai fassara ne.

Ƙasar jihar Maraɗi ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa ake buƙatar awon. A kwarin Gulbin Maraɗi, daga Madarunfa zuwa Jiratawa har Tibiri da Gidan Rumji, rairayi ne da tsakuwa da laka waɗanda gulbi ya jibge, ruwa kuma kusa yake. A kudu wajen Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, dutsen gindi yana tasowa har ya leƙo waje, kuma babu ruwa a cikinsa sai a ruɓaɓɓen samansa ko a tsagarsa. In ka yi arewa wajen Dakoro, dutsen ya nutse, ruwan ya yi nisa, har akwai rijiyoyin da sai da dabba ake jan wasaki. Wurin da ya fi cin kuɗin mutane a banza shi ne kudun nan, inda foraj biyu ke tsakanin taku hamsin, ɗaya na ambaliya ɗaya ƙura kawai ya fitar.

Kayan ba su da yawa: na'urar awo, batiri, turakun ƙarfe huɗu masu tsawon kamar rabin mita, naɗin waya huɗu, guduma biyu, igiyar awo, da jarkar ruwan gishiri. Tsarin da muke bi sunan Schlumberger gare shi, Bafaranshen da ya fara gwada wannan dabara a 1912. Ana jera turakun kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Biyu na waje, A da B, su ke tura wuta cikin ƙasa. Biyu na ciki, M da N, su ke sauraron abin da ya iso. Tsakiyar layin ita ce wurin da ake bincike, ba ta motsawa har a gama.

Ana kafa M da N rabin mita rabin mita daga tsakiya. A da B kuma a fara da mita 3 kowane gefe, a karanta, a matsa zuwa 4, sai 5, 7, 10, 15, 20, 30, 40, 50, 70, 100, 150, har 200. Duk matsawar da aka yi, wutar na ƙara nutsawa. A fili muna ɗauka cewa zurfin da awo ke leƙawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsawon AB ba, don haka mai son labarin mita 80 sai ya shimfiɗa waya mita 400. Wanda ya zo maka da waya gajera ya ce ya ga ruwa a mita 100, ka riƙe kuɗinka.

Lissafin ba shi da wuya. A ce A da B na kan mita 10 kowane gefe daga tsakiya. Ka ninka 10 da kanta, 100. Ka cire rabin mita ninke da kansa, 0.25, saura 99.75. Ka ninka da 3.14, ka raba da tsawon MN, mita 1, ka sami kimanin 313. In ka tura wuta miliyamfa 100 ta A da B na'ura ta nuna milibolt 10 tsakanin M da N, rabonsu 0.1 ne, ka ninka da 313, tirjiya ta zama 31 a ma'auninta da ake kira om-mita. Haka za ka yi wa kowane matsi, kana ɗiga sakamakon a takardar logaritim, wato takardar zane mai ma'aunin da ke tafiya 1, 10, 100, 1000, nan take, kana tsugune a gona. Wannan na dage a kansa. Ɗigon da ya yi tsalle ya bar ƴan uwansa, in ka gan shi yanzu sai ka sake awo cikin minti biyu. In sai ka koma Maraɗi ka gan shi, ka yi asarar man mota.

Laka tana ba da ƙaramin adadi, galibi ƙasa da 20. Rairayi mai ɗauke da ruwan daɗi yakan faɗa tsakanin 30 da 200. Busasshen rairayin jigawa da marmara suna haura ɗaruruwa zuwa dubbai, lafiyayyen dutse kuma dubbai ne. A kudu abin da ake fata a gani shi ne zane mai kama da ƙwarya: ya faro sama, ya gangara, ya ɗan kwanta, sannan ya miƙe sama a karkace, alamar an taɓa dutsen gindi. Faɗin gindin ƙwaryar nan shi ke nuna kaurin ruɓaɓɓen dutse. A can ba a fara wannan awon kai tsaye. Sai an ja layi tukuna da tazarar turaku guda, ana matsar da su gaba ɗaya mita 10 mita 10, a nemo inda tirjiya ta faɗi, don nan ake sa ran tsaga.

Abubuwan da ke ɓata awo kuwa, na farko bushewar ƙasa. A watan Afrilu saman jigawa kamar toka yake, turke na tsaye amma wuta ba ta shiga. Maganinsa a tone busasshen rairayin, a buga turken ya shige sosai, a zuba masa ruwan gishiri, ko a haɗa turaku biyu ko uku wuri guda a A da B. Na biyu wayar da ta goge a kan ƙaya ko kututturen gero, tana zubar da wuta a hanya, ta ba ka adadin ƙarya mai kyan gani. Na uku ƙarfe: tiyon da aka binne, shingen waya na garka, ko layin lantarki da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da layinka. Sai ka juya ka gitta shi. Akwai kuma lokacin da A da B suka yi nisa har milibolt ya yi ƙanƙanta. A nan ake buɗe M da N zuwa mita 5 kowane gefe, amma a maimaita awo biyu da tsohuwar tazara da sabuwa don zanen ya haɗu, kuma kada MN ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na AB. Kafin a danna wuta, mai na'ura ya yi kira, na bakin turke ya amsa ya janye hannu, a kori yara da awaki. Wutar takan kai ɗaruruwan bolt.

Babban tarkon yana cikin kwamfuta. Manhajar fassara tana ƙaga shimfiɗun ƙasa, ta lissafa zanen da za su bayar, ta gwada da naka, ta gyara, ta sake, har bambancin ya ragu. Matasa na murna in sun ga kuskure ya sauka zuwa kashi 2 cikin ɗari. To amma shimfiɗa mai kaurin mita 10 da tirjiya 20, da wata mai kaurin mita 5 da tirjiya 10, in suna tsakanin shimfiɗu masu tirjiya mai yawa, kusan zane ɗaya suke bayarwa, tunda rabon kauri da tirjiya 0.5 ne a duka biyun. Lissafi ba zai zaɓa maka ba. Ta farkon tana iya zama rairayi mai ɗan laka da zai ba da ruwa, ta biyun laka zalla.

Abin da ke raba gardama tsohuwar rijiya ce. Shi ya sa bayan gaisuwa a ƙofar mai gari tambayar farko ita ce: "Ranka ya daɗe, wa ya gina rijiyar garin nan, yana raye?" In aka kawo shi sai a ce: "Baba, gaba nawa kuka yi kafin jar ƙasa ta ƙare? A gaba ta nawa kuka tarar da farin rairayi?" Ba ya mantawa, don da hannunsa ya fitar da ita ƙwarya ƙwarya. Sai ka auna gabansa da igiyar awo, ka mayar mita, ka yi awon farko kusa da rijiyar, ka ɗaure wa kwamfuta waɗannan zurfafan. Ka kuma auna gishirin ruwan rijiyar, don ruwa mai kanwa yana sauke tirjiyar rairayi har ya yi kama da laka.

Ko an dace da ruwa, awo bai ce a sha ba. Mutanen Tibiri sun san wannan fiye da kowa: ruwan foraj garau, ba wari ba ɗanɗano, amma sinadarin fuluwo (fluoride) ya yi masa yawa, yara ɗaruruwa suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, kuma turakunmu ba sa jin wannan ko kaɗan. Sai an ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta bayan gwajin famfo, an kai ɗakin bincike, kafin a buɗe wa gari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi motar haƙa: inda ake sa tiyo mai tsaga, girman tsakuwar da ake zuba masa, da dalilin da ya sa ake toshe mitocin sama da siminti a kuma nisanta kwamin shayar da dabbobi daga bakin foraj.