Ranar da "kallo mai sanyi" ya kunyata ni

A shekarata ta farko a aikin fassara aka miƙo mini wani gajeren labari na Turanci, in mayar da shi Hausa don a karanta a rediyo. A ciki akwai wata uwargida da ta tsare baƙonta da abin da marubucin ya kira gelid stare. Ban taɓa cin karo da gelid ba, sai na buɗe ƙamus: sanyi mai tsanani, irin na ƙanƙara. Shi ke nan, na rubuta "ta yi masa kallo mai sanyi", na wuce abina.

Editanmu, dattijon da ya yi furfura a wannan aiki, ya karanta, ya sauke tabarau.

"Yaro, son sa take yi?"

Na ce, "A'a Malam, ko ganinsa ba ta son yi."

Ya ce, "To ai kai ka ɗaura musu aure."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyarsa ce. A wurinmu, mutanen da rana ke gasawa, sanyi abin so ne. Mai sanyin hali ake yabo, uwa takan kira ɗanta sanyin idaniyarta, wanda aka share wa hawaye kuma ya ce ransa ya yi sanyi. Bature kuwa da ya san lokacin da kogi ke daskarewa, idan ya jingina sanyi ga mutum, rashin tausayi da rashin sakin fuska yake nufi.

Haushin abin ya sa na bi diddigin kalmar a daren nan. Da "j" ake furta ta, jelid, ni kuwa duk yinin da "g" nake kiran ta. Daga Latin ta fito, gelidus, wadda ita ma ta samo asali daga gelu, wato raɓar da ta daskare. Tun wajejen shekara ta 1600 take cikin Turanci, amma har yau ba ta sauko kasuwa ba. Ba za ka ji Bature a tashar bas yana cewa garin ya yi gelid ba, freezing zai ce. Ita ta marubuta ce, sun fi jingina ta ga ruwa, iska, ko ido. Danginta ne suka fi ta shiga jama'a: jelly, gelatin, da gelato na Italiyawa, duk abubuwan da suka daskare ne. Na so in haɗa ta da firijin da ke kicin ɗinmu, ashe shi daga wani tushen Latin ɗin ya fito, frigus, gida ɗaya da frigid.

Tun daga nan nake duba wa aka jingina wa sanyin kafin in ɗora alƙalami. Idan iska ce, ina da ɗari, ina da jaura. Idan ruwa ne, sanyi ƙarara ya wadatar. Idan mutum ne, sai in nemi abin da ya yi wa ɗan'uwansa.

Washegari na mayar wa Malam takardar. Na rubuta: "ta watsa masa wani kallo da sai da jikinsa ya yi sanyi." Ya karanta sau biyu, ya mayar da tabaransa, ya miƙo mini labari na gaba.